Hirarrakin Fadila a Hannun Yaya Idirisa

Duk faɗin Maraɗi babu wanda ya san ordinata, wato kwamfuta, kamar Idirisa. Linzami ma ba ya taɓawa, umarni yake rubutawa a baƙin allo. Shi ya sa ƙanwarsa Fadila ta kawo masa sabuwar na'urarta, ya sauko mata da hirarrakin da ta yi wata huɗu tana naɗa da manoman Jiratawa don kundin jami'a. A ma'ajiyar intanet kaɗai suke.

Ya haɗa manhajarsa da ma'ajiyar, abokansa biyu na kallo. Fadila ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ta ga ya juya umarnin: ma'ajiyar ce za ta koma daidai da na'urar, na'urar kuwa fanko ce. Amma ƙanwa ba ta gyara wa wanta gaban baƙi.

"Yaya, ko a gwada tukuna?"

"Ke, gwaji na ɗalibai ne."

Ya danna. Cikin daƙiƙa goma komai ya goge.

"Rezo ya yi kyau yau," in ji shi, yana yaba saurin intanet.

Washegari da hantsi Fadila ta hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, ta yi sallama a gonar farko don sake naɗar hirarrakin.