Mamacin da ya dawo a kashi na biyu

Isaac ya kai mataki na uku a sabon wasan da ke wayarsa, sai ya ga Maccido tsaye cikin kwale-kwale yana tuƙi. Ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallonta.

Shi ya rubuta labarin kashi na farko na Mashigin Rima, wasan waya da suka ƙirƙira da Bashar shekara biyu da suka wuce. Shi ya nutsar da Maccido mai fito dab da ƙarshensa, aka tsamo gawa, aka binne. Matarsa Atika ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sannan ta auri wani masunci. Kashi na biyu kuwa Bashar ya yi shi kaɗai, ko sallama bai yi masa ba, amma ga sunan Isaac a farkon wasan: mai labari.

Da ya tashi daga makarantar da yake koyarwa, bai koma Sabon Gari ba. Ya wuce shagon Bashar a Ƙofar Taramniya.

"Wa ya tono Maccido?"

Bashar bai ɗago daga kwamfuta ba. "Malam Isaac, ba gaisuwa? Mutane na son shi, shi ya sa munka maido shi."

"To Atika matar wa ce yanzu?"

"Zanen kwamfuta ne hwa. Zane ba ya da aure."

"Takabar da ta yi fa? Wata huɗu masu wasa suna kai mata hatsi. Ga mijin farko a ruwa, ga na biyu a ɗaki. Ni da ke zuwa coci na san wannan ba ya zama, kai da ka sauke littattafai ba ka sani ba?"

Fuskar Bashar ta canza. Ya juyo da kujera.

"Kada ka koya mini addinina cikin shagona. Tun da kai ka iya, rubuta layi guda: mafarki ne Atika ta yi. Ba mutuwa, ba takaba, ba aure. Gobe in saka, kowa shi huta."

Isaac ya auna shawarar. Layi ɗaya ne, kuma zai yi aiki. Sai dai duk wanda ya tsaya bakin kabarin nan a kashi na farko, ya ji wani abu a ƙirjinsa, za a ce masa wasa aka yi da hankalinsa. Ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga inda ta daina zama ƙarya ba.

"Ba zan rubuta ba. Ko ka mayar da shi kabari, ko ka cire sunana."

"Maccido ya fi ka masoya," in ji Bashar.

Ya buɗe shafin sunaye, ya juyo da kwamfutar yadda Isaac zai gani sosai, ya goge haruffan sunan Isaac ɗaya bayan ɗaya.