Waken Baba Katikis

Ko da Tahira ta zagayo bayan danga, aikin gama ya riga ya gama. Jar akuyarta na tsaye da ƙafafun gaba a cikin kaskon, tana tauna a natse kamar wadda aka gayyata. Tsirran wake goma sha huɗu, ba ta bar ko ɗaya ba, har saiwoyin ta tumɓuke.

"Innalillahi," in ji Tahira. Ta ja akuyar da kunne, amma ko dukanta ba ta iya yi ba.

Kaskon na Baba Barnaba ne, katikis, wato mai koyar da addini, na ƙaramin cocin Katolika da ke gefen ƙauyensu, a ƙasar Bagwai. Shekara talatin da ɗoriya danga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata. Kowace shekara, ranar sha bakwai ga watan Maris, yakan tara yaran cocin su yi bikin Waliyyi Fatirik. Wani Fada, limamin coci ɗan ƙasar Ailan, shi ne ya kawo musu bikin tun Barnaba na saurayi. Ya ce a ƙasarsu akwai wata ciyawa mai ganye uku a kara ɗaya, da ita waliyyin ya koyar da addini. Da Fada ya rasa irinta a nan, Barnaba ne ya tsinko masa ganyen wake, ya ce, "Ga tamu." Tun daga nan, duk bazara kowane yaro zai sa ƙwayarsa a kaskon da hannunsa, ran biki kuma ya tsinki ganyensa a maƙala masa a ƙirji.

To bana Baba Barnaba na kwance. Asibiti sun sallamo shi, sallamar da kowa ya gane, idonsa ma ya daina gani. Kuma saura kwana goma sha ɗaya biki.

Lidiya, surukarsa, ta fito ta ga kaskon, ta dafe ƙirji. Can ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kada mu faɗa masa. Ran bikin sai in sa a tsinko mana ganye a lambun dam ɗin Watari. Ai ba ya gani."

"Ni ina gani," in ji Tahira.

Haka take, ba a lanƙwasa ta. Ta gyara mayafi ta yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Yana kwance a kan katifa, ya rame har zoben aurensa ya koma babban yatsa.

"Baba Katikis, ɓarna na zo faɗa. Akuyata ta cinye waken."

"Duka?"

"Duka."

"Jar nan ko? Tun tana 'yar ƙarama na san ba ta da kunya." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "A bar shi, Tahira. Wake sai ya fara fid da ganye biyu tukuna, mai ukun daga baya yake zuwa. Kwana goma sha ɗaya ba za su isa ba. Na lambu kuwa ba na so, yaro bai ga fitowarsa ba."

"Ni za ka koya wa wake? Zai isa."

"Ni ɗin ma ban san ko zan kai ba."

"Za ka kai. Kai dai ka riƙe naka, ni in riƙe nawa."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "To shi ke nan. Mu yi tsere, ni da waken."

Ranar ta jiƙa iri a ruwan ɗumi. Washegari ta sa Lidiya ta tattaro yaran, su goma sha huɗu, kowa ya sake sa ƙwayarsa. Ta kwashe takin jar akuyar nan wanda ya riga ya ruɓe ta cakuɗa da ƙasar, ta ce tunda ita ta ci, ita za ta biya. Ta kewaye kaskon da ƙaya saboda kaji, ta yafa masa tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru. Da hantsi ta ja shi rana, da rana ta take ta ja shi inuwar dalbejiya.

Ga shi watan azumi ne, ga zafin bazara mai fasa kai. Rijiyar unguwar ta ja baya, sai famfon makaranta, tafiya mai nisa. Sau biyu kullum take zuwa da bokiti, da bakin azumi, tana shekara sittin da biyu.

Mijinta, Malam Hadi, ya gaji da kallo. "Tahira, za ki kashe kanki a kan ganye. Bikin ma ba naki ba."

"Bikin nasu ne, maigida. Akuyar ce tawa."

"Mutane fa suna magana."

"Su yi. Ran da ɗanmu Kamaruddeen ya faɗa rijiya, wa ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, in ba Baba Katikis ba? Masu maganar suna tsaye a baki suna salati."

Washegari da sassafe ta tarar da jarka biyu cike da ruwa a ɗaure a keken Malam Hadi, shi kuwa yana ta gyaran fartanya kamar bai san zancen ba.

Kwana huɗu ƙasa ta tsage. Kwana shida ganye bibbiyu suka buɗe. Kullum bayan la'asar sai ta leƙa ɗakin Baba Barnaba ta kai rahoto.

"Yau nawa?"

"Biyu."

"Ni ma ina nan," zai ce.

Yaran kuma suna tsakar gida suna shiri. Lidiya ta yanka musu wani tsohon koren zane, kowa ya samu ɗan ƙyalle. Suka tufka macizai da kaba, don wasan da waliyyin ke korar macizai da sanda. Daga kwance yake gyara musu addu'ar da suke haddacewa, in sun yi tuntuɓe ya ɗaga yatsa, Lidiya ta faɗa musu.

Ran kwana tara ya daina karɓar kunu. Tahira ta durƙusa gaban kaskon, ta ga ɗan tsinin ganye a naɗe tsakanin biyun nan, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ranar rijiya. Ta shiga ta ce masa, "Ya leƙo. Kada ka kuskura ka ba ni kunya." Leɓɓansa suka motsa, ba ta ji abin da ya ce ba.

Ranar biki da hantsi, tsiro ɗaya ne tak ya buɗe ganye mai uku. Sauran sha ukun duk a naɗe. Tahira ta ɗora kaskon a ka, da nauyinsa da komai, ta kai shi har gefen katifa. Yaran suka cika ɗakin da korayen ƙyallayensu.

"Baba Katikis, ɗaya ne ya yi. Ban cika alkawari duka ba."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan tsiron. Yatsansa ya bi ganyen a hankali.

"Ɗaya," ya ce, da ƙyar. "Biyu. Uku." Ya sauko da yatsan. "Kara ɗaya. Kada a tsinka. Kowa ya zo ya taɓa."

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa ya faɗi abin da aka koya masa, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Tahira ta ja da baya ta tsaya a bakin ƙofa, don wannan ɓangaren ba nata ba ne. Da na ƙarshe ya gama, tsohon ya ce, "Tahira na nan?"

"Ina nan."

"Kunnen doki muka yi."

Yaran na waje suna korar macizan kaba da sanda, suna ta dariya, Baba Barnaba ya cika. Ana kiran azahar a masallacin unguwa lokacin da Lidiya ta fito ta faɗa mata. Tahira ta zauna a kan turmi ta yi kukanta, ba ta ɓoye wa kowa ba. Malam Hadi na cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Bayan kwana uku Lidiya ta fito shanya, ta tarar da Tahira a bayan danga, tana yayyafa wa kaskon ruwa da tafin hannu. Duk sha huɗun sun buɗe, kore shar.

"Inna, ai biki ya wuce. Ki huta haka nan."

"Irin baɗi fa?" in ji Tahira, ba ta ko ɗago ba.

Ta mayar da gidan sauron ta danne gefensa da dutse. Can gindin dalbejiya jar akuyar na ɗaure da gajeriyar igiya, ta miƙo wuya tana kallo.