Kwanciyar Lamba Tara

Duk garin an san yadda Lamba Tara yake murnar cin ƙwallo. Da ta taɓa raga sai ya zube rubda ciki, hannu biyu a ƙeya, ya yi lamo kamar gawa. 'Yan kallo su ɗauki ihu. Har hotonsa a kwance aka buga a jikin riguna, ana sayarwa a ƙofar fili.

Ba wanda ya lura ba murna ce ke kayar da shi ba. Ƙungiyar tana da wata wuta da ake harbawa daga bayan raga duk sanda aka ci, ta tashi sama ta yi ta fashewa. Ƙarar ce. Jikinsa kan zube kafin ya yi shawara da shi. In abokin wasa ne ya ci ma haka yake faɗuwa, sai a ce ga mai kishin ƙungiya.

Innarsa ce ta koya masa. Sanda yaƙi ya kore su daga garinsu yana ƙarami, duk ƙarar da aka ji a hanya sai ta ce ya kwanta, hannu a ƙeya, baki a buɗe, sannan ta kwanta a kansa. Har yau yana tuna nauyinta da warin hayaƙin zaninta. A sansanin 'yan gudun hijira ya koyi ƙwallo, tsakanin tantuna, da tsumman da aka naɗe da igiya. A can wani mai neman 'yan wasa ya tsinto shi.

Bai gaya wa kowa ba. Jaridu sun riga sun saba kiransa ɗan gudun hijira kafin su ce ɗan ƙwallo, kuma ya gaji da ganin tausayi a idon mutane. Gola, wanda suke zama benci ɗaya a ɗakin canza kaya, kullum cikin tsokanarsa yake, wai shi kaɗai ya sani da ake tafa wa don ya yi barci a wurin aiki. Lamba Tara ya yi murmushi kawai.

Sannu a hankali ƙafarsa ta fara mutuwa a gaban raga. Ya riƙe ƙwallo har a ƙwace, ko ya ɗaga ta sama. Koci ya kira shi ofis, bai ko ce ya zauna ba. Ya ce shi maharbi ya ɗauko, ba mai gadin ƙwallo ba. In ranar Asabar aka sake haka, benci, daga benci kuma sallama.

Gidan da suke ciki na ƙungiya ne. Ɗaki biyu da ɗan kicin, a hawa na uku. Tun gudunsu, nan ne wuri na farko da Inna ta samu ƙofa mai makulli. A bakin zaninta take ɗaure shi, tana taɓawa ko tana cikin ɗaki.

Ba ta fita. A talabijin take kallonsa, ta kashe sauti. Da ya dawo ranar ta zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci, sai ta ce ranar Asabar da ita za a je. Ya ce akwai cunkoso, akwai rana, matakala ta yi yawa.

"Na ga yadda kake kwanciya," ta ce. "Ni na san wannan kwanciyar. Ina so in ji abin da ke kayar min da ɗa."

Ya sama mata kujera can gefe, nesa da raga iya nisa.

Wasa ya yi zafi, ba wanda ya ci har aka kusa tashi. Sai ƙwallo ta faɗo masa a ƙirji, mai tsaron gida ya fito ya zame, raga ta buɗe. In ya ci, Inna za ta ji. In bai ci ba, makulli ya tafi. Ya buga.

Ƙarar farko ta daki gwiwoyinsa, suka fara lanƙwashewa. Amma idonsa na kan kujerarta, kuma ba kowa a kai. Bai san sanda ya miƙe da gudu ba. Ya wuce abokan wasa da suka buɗe hannu, ya tsallake shinge, ya kutsa cikin mutane.

Tana ƙasa tsakanin kujeru, rubda ciki, hannu a ƙeya, baki a buɗe. Na kusa da ita suna dariya suna ɗaukar ta a waya, wani yana cewa har tsohuwa ta iya salon.

Ya kwanta a kanta. Ashe ta ƙanƙance haka. Yana jin ƙasusuwan bayanta suna kakkarwa a ƙirjinsa, wutar tana ta fashewa a sama. Dariyar ta ragu, ta mutu.

Da ya ɗago kai ya ga Gola a bakin shinge, ya taho tun daga ragarsa da tsokana a baki, ya haɗiye ta. Koci na bayansa. Ya dubi tsohuwar, ya dubi hayaƙin da ke bayan raga, ya daɗe yana duba.

"An daina?" ta tambaya.

"An daina, Inna."

"To ɗaga ni, ka yi nauyi."

Ya tashe ta zaune. Ta laluba bakin zaninta, makulli na nan. Sannan ta nuna alƙalin wasa da haɓa, yana tsaye da kati a hannu.

"Je ka, mai usur ɗin can yana nemanka."