Jijiyoyin da Tela Ya Ce Sun Tsiro

Idan aka tambayi maras lafiya jiki, ya ce da sauƙi alhali ƙirjinsa na ci da wuta, ƙarya ya yi ko ladabi? Na juya tambayar nan ta kowace fuska ban kamo bakin zarenta ba. Tela kuwa bai samu sararin juyawa ba, don a kansa ta faɗo.

Jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ne suka tsuke, har likitoci suka ce babu inda wuƙa za ta kama. Sai wata likita ta kawo maganar gwaji: a zura siririn bututu ta cinyarsa har zuciya, a zuba magani, ko ƙananan jijiyoyi za su tsiro su kewaye inda ya toshe. Ta ce ƙila ya yi aiki, ƙila kuma a'a. Tela ya ɗauki rabin farko ya bar mata na biyun.

Tun daga nan duk wanda ya leƙo shago amsa ɗaya yake samu: da sauƙi, ai an fitar mini da sababbin hanyoyi. In ciwon ya taso ana tsakar hira, sai ya duƙa kamar mai neman maɓalli, ya jefa ƙwaya ƙarƙashin harshe. Teburin yanka ma ya jawo shi jikin keke don kada ya riƙa takawa.

Amininsa, mai gyaran agogo a benen da ke saman shagon, shi ma ciwon zuciya gare shi, amma nasa irin wanda aiki ke gyarawa ne, har an sa masa rana. Wata rana da hantsi ya sauko yana washe baki.

"Tsohon banza, na fasa!"

"Ka fasa me?"

"Yankan mana. Ni kaza ce da za a kwantar a tsaga? Allurarka zan jira. Dube ka, har kumatu ka ajiye."

"Kumatun na gado ne," in ji Tela, ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba.

Matarsa tana tsaye da kwanon abinci, duk a kunnenta. Mai agogo na juya baya ta dire kwanon.

"Malam, ka hau ka gaya masa."

"In gaya masa me?"

"Abin da nake gani. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi kullum sai ka tsaya, wai takalminka ya samu matsala."

"Ni ban ce kowa ya fasa komai ba. Jiki aka tambaye ni, na amsa yadda kowa ke amsawa. Likitar nan kuma ta sha wahala a kaina, har waya take yi mini. In buɗe baki in ce aikinta bai ci ba? Wa ma ya sani ko suna nan suna tsirowa? Ba zan hau benen nan in tozarta kaina ba."

"Ba za ka hau ba, ko ba za ka iya ba?"

Ta tafi ta bar shi da wannan. Ya zauna, ya tashi, ya farke ɗinkin da babu abin da ya same shi. Ya ce wa kansa mutumin nan ba yaro ba ne, shi ya zaɓa. To amma da me ya zaɓa, in ba da bakin Tela ba? Ya buɗe kwanon ya rufe. Ta silin yana jin takun amininsa da jan kujera, kuma duk shirun da ya ɗan yi tsawo sai gabansa ya faɗi.

Bayan azahar 'yar mai agogo ta sauko, idonta jawur, waya a hannu.

"Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi." Kalmar ta riga shi fita.

"Baba ya ce in kira asibiti su ba wani ranar. Na yi magiya har na gaji. Ya ce in zo in kalle ka in ga ikon Allah."

Ta kalle shi ɗin kuwa, yadda aka umarce ta.

"Ajiye wayar nan tukuna," ya ce.

Ya kama ƙarfen bene ya fara hawa. Bai kai rabi ba wani nauyi kamar dutse ya sauka a ƙirjinsa, ciwon ya bi hannun hagu har muƙamuƙi. Ya zauna a kan matakala, gumi na bin wuyan rigarsa, bai yi ƙoƙarin share shi ba. Mai agogo ya leƙo daga sama, gilashin aiki maƙale a ido.

"Kai, lafiya? Sababbin hanyoyin ne babu kwalta?"

"Cire abin nan daga idonka ka dube ni da kyau," in ji Tela, yana tsinto numfashi. "Babu sauƙi, tun farko ma babu. Iyakata ke nan, nan inda ka gan ni. Ka je a yi maka aikinka."