Hannuwan Loza

A gidan benenmu na unguwar Muharram Bek faranti ba ya komawa wurin mai shi wayam. Ka aiko mini da soyayyen kifi, in mayar maka da farantinka cike da mahshi, wato ganyen kabeji mai cushen shinkafa, kai kuma ka san abin da za ka zuba a nawa. Ba yabon kai ba, duk wanda ya ci cushen kabejina a benen nan sai ya lashe yatsa. Ummu Ashraf da ke zaune a samana kwando take zuro mini da igiya ta baranda, tana ƙwala kira: "Suhair! Ki ji tsoron Allah, ƙamshin nan zai kashe ni!"

Abin da ba wanda ya sani shi ne a ƙuryar ɗakina akwai ɓera. Fara ce sol mai jan ido, sunanta Loza. 'Yar yayata Rawan ce ta ɗauko ta daga ɗakin gwaji tana jami'a, da aure ya kai ta Kuwait ta bar mini ita, wai na ɗan lokaci. Na karɓa ina tsaki. Amma mahaifiyata ta rasu ta bar ni ni kaɗai, ba miji ba ɗa, kafin in ankara ba na jin daɗin shayi sai Loza na kafaɗata. Ta fi wasu mutanen da na sani yawan wanke fuska. To wa zan faɗa wa? A wurin maƙwabtana ɓera abin da mai gadi ke sa wa guba ne, ni kuma abincina suke ci.

Kullum da la'asar nakan ba ta gasassun 'ya'yan kabewa. Ta zauna a kan gindinta, ta riƙe ɗaya da hannu biyu, ta ɓare shi tsaf kamar tsohuwa a gaban talabijin. Wata rana na miƙa mata, ta karɓa, ya suɓuce. Ta sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Sai ta kwantar da haɓarta a ƙasa tana tura shi da baki.

Na san wannan abin. Ni na yi jinyar mahaifiyata, kuma kafin bakinta ya karkace cokali ne ya fara faɗuwa daga hannunta. Ba wanda zai koya mini yadda hannu ke daina jin maganar mai shi. Na zuba wa Loza ido. Tafiyarta ta koma tangaɗi, takan yi karo da ƙafar kujera, in na shafa kanta sai ta dunguro shi sama kamar ɗan akuya, ga wani jan abu a gefen idonta. Ban tsaya turaren maganin baki ba, na sa ta a kwalin alewa na tari tasi.

Asibitin dabbobi cike yake da kyanwoyi masu gashi buzu-buzu da iyayen gijinsu. Na rungume kwalina, kyanwoyin duk suka juyo suna kallona kamar na zo musu da biki. Likitar, Dakta Nermin, ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta leƙa kunnuwan Loza, ta sa ta tafiya a kan tebur, sannan ta miƙa mata guntun biskit. Ya faɗi.

"Da ciwon kunne ne, Madam, kanta zai karkace amma hannunta zai yi aiki," in ji ta. "Da shanyewar jiki ce, farat ɗaya za ta zo. Ke kin ce a hankali ya taho. Ina kyautata zaton ƙullutu ne a gindin ƙwaƙwalwa, yana yawan samun matan ɓeraye in sun tsufa. Jan abin nan na ido ba jini ba ne, alamar jiki ba daɗi ce."

"Akwai magani ko babu? Faɗa mini kai tsaye, ni ba yarinya ba ce."

"Ba zai warkar ba, amma yana iya rage girman ƙullutun ta samu watanni cikin daɗi. Sai dai kar ki yi fashin ba ta. Ki haɗa da abinci mai laushi, irin na jarirai."

Ta rubuta magani biyu, ɗaya na rage kumburi. Ɗayan ta ce a kowane kemis zan samu, na mutane ne.

Kemis ɗin Dakta Milad a gindin benenmu yake, kuma Allah ya yi shi da murya kamar mai tallan tumatir. Ya duba takardar, ya ɗago tabarau.

"Madam Suhair, wannan ai ƙwayar ƙafar da nono ce. Wa ta haihu a gidanku ba mu ji guɗa ba?"

A kujerar gefe Ummu Ashraf ce zaune, hannunta cikin abin awon jini. Na ga kunnenta ya miƙe. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni, amma kalmar nan "ɓera" ce. Na ce, "Ba ni dai, Dakta. Ka haɗa mini da garin kunun jarirai da ƙaramin sirinji."

Sauran kuwa ramin iskan da ke tsakiyar benenmu ya ƙarasa, don ta nan kowane kicin ke jin na kowa. Aka tuna na yi bazara a garin Damanhur wurin yayata. Aka tuna na yi ƙiba kafin in tafi. Aka tuna ba na barin kowa ya shiga ƙuryar ɗakina. Ga shi ana jiyo ni ina cewa, "Haɗiye mana, 'yar lelena, saura kaɗan." Mata suka riƙa gaishe ni a matakala idonsu a ƙirjina. Ban kula su ba, ina da marar lafiya.

Ranar da za a sake ba Loza ƙwayarta, na ajiye kwalin a tebur ke nan aka buga ƙofa. Ummu Ashraf ce, ta shigo ba sallama, ta tura ƙofar da ƙafa. Idonta ya sauka kan maganin, ta sure shi ta cusa a rigarta.

"Ba za ki ƙara shan wannan ba, in dai ina numfashi."

"Ummu Ashraf, ba ni abina."

"Ke, rufe mini baki! Abin da ya faru ya faru, Allah mai rufin asiri ne, ni ban zo tambayar ubansa ba. Amma ki hana jariri nono ki ɗura masa garin gwangwani? Wane laifi ya yi miki? Ɗauko shi. In ta kama sai mu ce na 'yata ne da ke Tanta, wa ya isa ya ƙaryata ni a unguwar nan?"

Hawaye ne a idonta. Matar nan da nake wa kallon gidan rediyo ta zo ne ta ɗauki kunyata ta ɗora wa kanta. Na ji ina sonta a lokacin. Amma maganin Loza na cikin rigarta, na kuma san ko mai gadi da sandarsa ba zai ƙwato shi ba. Hanya ɗaya ce.

Na shiga ƙurya na fito da ita a cikin tawul. Ummu Ashraf ta miƙo hannu biyu tana bisimilla, na buɗe.

Ihun da ta yi sai da tantabarun rufin gida suka tashi. Mace mai ciwon gwiwa, sai ga ta a kan kujera.

"Ɓera! La'ilaha illallahu, ɓera! Suhair, wallahi da shegen ne da ya fi mini sauƙi! Shekara da shekaru ina cin mahshinki!"

"Kuma ko ciwon ciki bai taɓa kama ki ba. Ba ta da lafiya, ƙwaƙwalwarta ce. Dubi hannunta, kin tuna na Mama? Ba ni maganin."

Ta dubi hannuwan, 'yan yatsun a dunƙule ba ƙarfi. Ita ta taya ni juya mahaifiyata a gado, ta sani. Ta zaro kwalin ta jefa kan tebur, ta fice tana kakkaɓe riga.

Sunana ya wanku kafin magariba, farantaina kuma suka fara dawowa. Na hawa na ɗaya, na hawa na huɗu, na matar mai gadi, kowanne an wanke shi fes an ajiye a bakin ƙofa, ba ko ƙwayar dabino a ciki. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai, ya fi zargin farko ciwo. Na jera su a kabad, na narka wa Loza maganinta a kunu, na ci gaba da ba ta yadda likita ta ce. Tangaɗin ya ragu. Ta daina karo da kujera, ta koma wanke fuska, da hannu ɗaya tukuna.

Wata la'asar ina baranda da ita a cinyata, sai ga kwando yana saukowa a hankali, ya tsaya saitin fuskata. A ciki akwai ɗan farantin kofi, da mahalabiya, kunun madara mai kauri da laushi, ba a barbaɗa mata gyaɗa ba.

"Ba naki ba ne," in ji murya daga sama. "Na marar lafiya ne. Kuma ki riƙe farantin, kar ki kuskura ki dawo mini da shi."

Loza ta lashe rabi. Sai na zaro ɗan kabewa daga aljihu na miƙa mata, kamar yadda nake gwadawa kullum. Ta zauna a kan gindinta, ta ɗan yi layi, ta karɓa. Na ji ƙas, ɓawon ya faɗo a kan zanena.

"Ummu Ashraf!" na ɗaga murya, ban damu da wanda zai ji ba. "Ta riƙe! Da hannu biyu ta riƙe!"

Kwandon na ta lilo a gabana.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Allah ya ƙara sauƙi. Ke kuma je ki wanke hannunki."