Tsatsa Ya Koyi Zuwa

Kare ɗaya ne a garejin Yaya, ana ce masa Tsatsa don gashinsa kalar tsohon bodin mota ne. Tun yana kwikwiyo Yaya ya ɗaure shi a jikin wata matacciyar tifa, yana zabga masa fambel na injin mota, wai kare sai da duka yake zama mai gadi. Ya kuwa zama, har ya wuce gona da iri: ɓarawo da mai kawo gyara duk ɗaya ne a wurinsa. Ranar da ya tsinke sarƙa ya yaga wandon wani direban tanka har ya taɓa nama, Yaya ya ce ya gaji.

"Gobe zan fasa masa kai kowa ya huta."

Mai-walda, ƙanin Yaya, ya ɗage gilashin fuskarsa. "Yaya, kai fa ka haukata shi. Ba ni shi in gwada."

"To, malamin karnuka, gwada. Ya sake taɓa mutum, ku biyun za ku bar min gareji."

Mai-walda bai san kare ba, amma ya san ƙarfe: ka matsa masa wuta da gaggawa, hujewa zai yi. Ya fara da cilla fambel ɗin kan rufi. Kullum sai ya tsuguna nesa da tifar, ya ba karen gefe, ba ya kallon idonsa. In Tsatsa ya yi shiru ko na numfashi ɗaya ne, sai ya ƙwanƙwasa sifana sau biyu a jikin wili, ya jefa masa guntun nama. In ya yi haushi kuwa, ba duka, ba tsawa, ba nama.

Makanikai suka samu abin yi. "Kawun kare, yau ɗan naka ya iya karatu?"

Mai-walda ya ci gaba da abinsa. Sannu a hankali tazarar ta ragu, har Tsatsa ya fara karɓar nama a tafin hannunsa. Wata rana ya bari aka shafa tabon da ke bayan kunnensa. Daga nan ya gane: ƙwan-ƙwan na nufin zo, zauna, ɗaga kai. Mai-walda ya kwance masa sarƙa.

Da direban tankar ya dawo, Tsatsa ya tayar da gashin wuya ya nufe shi. Ƙwan-ƙwan. Ya yi turus, ya juyo, ya zo ya zauna.

Mai-walda ya waiwayi yayansa yana jiran ko da "madalla". Sai wani bakanike ya riga Yaya magana: "Oga, duk dukan da ka sha yi, ashe sifana ta fi ka iya magana."

Gareji ya ɗauki dariya. Yaya bai yi ba.

"Ka mai da min kare tunkiya," in ji shi. "Me zan yi da mai gadin da ke gaishe da baƙi?"

Abu ɗaya dai Tsatsa bai manta ba. Da ya hango Yaya sai ya shige ƙarƙashin tifa, can inda hannu ba ya kaiwa.

Wata azahar Mai-walda na kwance ƙarƙashin wata bas yana liƙe salansa, sai ya ji ƙwan-ƙwan. Ya laluba gefensa, ba sifana. Ya juya kai. Ga Yaya tsugune a gaban wili, hannu ɗaya da sifana da nama, ɗayan a baya riƙe da ƙarfen jak.

Tsatsa ya leƙo daga ƙarƙashin tifa. Ya dubi Yaya, ya ja da baya.

Ƙwan-ƙwan.

Ya fito a hankali, ciki na jan ƙasa, wutsiya na kaɗawa kaɗan-kaɗan. Ya zo. Ya zauna. Ya ɗaga kai, daidai yadda aka koya masa.

"Yaya, don Allah," Mai-walda ya ce, yana jan jiki da baya, wayar walda ta sarƙe masa ƙafa.

Kafin ya fito an gama. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Yaya ya jefa masa sifanar a gaban ƙafa, yana goge hannu da tsumma. "A da ko da igiya ba na iya kama shi. Aikinka ya yi kyau, ƙanina. Ja shi waje kafin ƙuda su taru."

Mai-walda ya durƙusa ya tallabo kan Tsatsa. Naman na nan a bakinsa, ko taunawa bai kai ga yi ba.