Ramukan Tirelar Kawu Wenzu

Renita Galea ta saki fallen ƙarfen a kan teburin walda, har kofin shayin yayanta Dario ya tuntsure.

"Duba min ramukan nan, Yaya."

Dario ya leƙa, ya taɓe baki. Ramukan noti huɗu ne da ya kamata su zauna biyu dama, biyu hagu da tsakiyar fallen. Amma duk sun tattaru gefen hagu kamar awaki sun ga hadari.

Fallen na tirelar Kawu Wenzu ne, manomin raken da ke kawo musu aiki tun mahaifinsu na raye. Ya sayi tayoyi masu faɗi, ya ce a faɗaɗa masa gindin tirelar kafin a fara yankan rake a Mackay. In ya yi fushi ya tafi, maƙwabtansa binsa za su yi, don ko a coci benci ɗaya suke zama.

Renita ce mai zane a kwamfuta. Layin tsakiya take fara ja, ta ɗaure kowane rami da shi, yadda in an canja faɗi komai zai matsa da kansa. Layin da bai ɗauru ba shuɗi yake fitowa, wanda ya ɗauru ya koma baƙi. Wannan zanen kuwa Dario ne ya yi shi lokacin da take jego. Da ta buɗe ta ga komai baƙi wuluk, sai ta canja lambar faɗi ta aika wa masu yankan ƙarfe.

"Na koma na duba," ta ce. "Ba ka ɗaure komai da komai ba. Kwaɗo ka danna wa ramukan, ka kulle su inda suke don kawai su yi baƙi!"

"To ba baƙin kike so ba, Malama? Kullum shuɗi kaza, shuɗi kaza. Na ba ki baƙi."

"Ka sa zane ya yi min ƙarya!"

"Ke kuma idonki na ina da kika aika? Ko yaron ne ya tsotse shi?"

Wannan ta shige ta, don da gaskiyarsa. Sai ta ƙara tunzura.

"Zane magana ce, Yaya. Ka gaya masa ramin nan na tsakiya ne, shi ke nan, ko wa ya zo bayanka ya ji. Kai me ka gaya masa?"

"Na gaya masa ina da walda tana jirana." Ya jawo injin gurza ƙarfe. "Kawo nan. In ja ramukan su yi tsawo, in liƙa zoben ƙarfe a kai, in shafa fenti. Kawu ba zai taɓa sani ba."

Renita ta hango a ranta tirelar cike da rake tana gangarowa mararrabar makarantar firamare, nauyin duka a kan notin da ke zamewa cikin rami. Ta ji ƙarar tsohuwar motar Kawu Wenzu a bakin ƙofa. Kafin Dario ya saka filogi, ta fizgi abin yankan ƙarfe mai aiki da gas, ta kunna, ta tsaga fallen daga ramin farko zuwa baki.

"Kin haukace ne?"

Kawu Wenzu ya shigo da kare a bayansa, ya tsaya yana kallon jan ƙarfe na ɗiga.

"Kawu, mun ɓata fallenka," ta ce, ba ta ɗaga gilashin waldar da ke fuskarta ba. "Sai an yanko wani. Ba zai iso kafin a fara yanka ba."

Tsohon ya dubi Dario, ya dube ta.

"Ubanku bai taɓa sa rakena ya kwana a gona ba, 'yar nan." Ya kira karensa. "Zan aiko a ja tirelar zuwa garin Sarina. Can akwai masu aiki."

Dario ya bi shi waje yana "Kawu, tsaya ka ji," amma motar ta riga ta tashi.

Renita ta kashe gas, ta shiga ɗan ofishin, ta buga ƙofa. Ta buɗe zanen tirelar maƙwabcin Kawu, wanda shi ma Dario ya yi. Baƙi wuluk. Ta taɓa rami ɗaya, ɗan kwaɗo ya bayyana. Ta buɗe na gaba, haka nan.

"Renita!" Dario ya daki ƙofar. "Fito ki ga abin da kika jawo mana!"

Ta murɗa mukulli, ta ja kujera, ta goge zanen da ke gabanta duka, ta ja sabon layin tsakiya.